Baba Sifili da Iskar Kujerar Direba

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kafin a tayar da injin ko guda a tashar gwajin motoci, sai an buɗe wata taga a bangon baya. Ƙaramar taga ce ta ƙarfe, mai taurin kai, sai an doke ta da gindin hannu take yarda. Mai buɗe ta shi ne mutumin da kowa ke kira Baba Sifili. Yakan jingine kekensa, ya yaye tsumman da ke kan na'urar auna hayaƙin mota, ya zura siririn tiyonta ta tagar har bakinsa ya leƙa waje, inda babu mota babu janareta, sai wata bishiya da igiyar shanyar maƙwabta. Sannan ya kunna, ya jawo benci, ya zauna.

Zaman minti ashirin ne, ba ya raguwa. Na'urar tana ɗumama, famfonta yana zuƙo iskar waje, jajayen lambobin da ke fuskarta suna ta rawa har su gaji su natsu. A waje kuwa direbobi sun yi layi, kowa na ganin ranarsa tana tafiya. Duk wanda ya leƙo ya ce a fara, amsa ɗaya yake samu: "Sifili tukuna."

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne, ko da yake kaɗan ne suka tsaya suka tambaya. Na'urar ba ta san mece ce iska mai tsabta ba sai an nuna mata. Abin da ka shaƙa mata da safe ka ce mata wannan ne sifili, da shi za ta gwada duk abin da ya biyo baya har yamma.

Wani direba ne ya raɗa masa sunan, wanda ake kira Rediyo saboda bakinsa ba ya hutawa. Shekarun baya ya kawo motar haya gwaji, ya gaji da jira, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Kai, Baba Sifili! A layin nan za mu yi furfura? Iskar ai ba gudu za ta yi ba!" Aka kwashe da dariya. Da layi ya zo kansa, motarsa ta faɗi gwajin, ya tafi yana faɗin abin da ba zan rubuta a nan ba. Sunan dai ya zauna. Har matar Baba, idan ta so tsokana, da shi take kiransa.

Fuskar na'urar tana da tagogi huɗu na lambobi, kuma Baba ya sa wa kowace suna. Ta farko "mai kisa", wato iskar gubar nan da ba ta da wari ba ta da launi. Ta biyu "ɗanyen mai", man da ya fito bai ƙone ba. Ta huɗu "numfashi", iskar da muke shaƙa mu rayu. Ta uku kuwa "shaida" yake ce mata. Ita ce iskar da duk injin da ke ƙona fetur dole ya fitar, wajen kashi goma sha uku zuwa sha huɗu cikin ɗari. Ba a kayar da mota a kanta, saboda haka ba mai kallonta. Aikinta kawai ta tabbatar cewa abin da ya shiga tiyo hayaƙi ne na gaske.

Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu. Ba na cikin masu cewa kayan da sun fi na yanzu. Na daɗe ina koyar da kimiyya, na ga tsofaffin kayan da ba su iya komai ba sai tara ƙura, na kuma ga tsofaffin ma'aikata da suka yi shekara talatin suna maimaita kuskure ɗaya ana kiran abin gogewa. Da aka kawo sabuwar na'ura tashar shekara huɗu da suka wuce, ta fi tsohuwar sauri, ta fi ta ido, kuma da kanta take buga sakamako a takarda da babbar kalma a ƙasa: ta ci, ko ta faɗi. Aka ɗaure ta da ƙusa a bango, aka haɗa ta da kwamfuta. Tsohuwar aka kai ta sito. Shi kuma Baba, da yake hannunsa ya fara rawa, aka mayar da shi tebur kusa da ƙofa, aka ba shi hatimi. Takarda ta fito, ya duba kalmar ƙasa, ya buga. Ɗari da wani abu a rana. Bai daina buɗe tagar da safe ba, ko da yake babu sauran abin da ake zurawa.

Rediyo a lokacin ya bar haya, yana tuƙa ƙaramar bas ta wata makaranta, irin wadda injinta ke ƙarƙashin kujerar direba. Wata safiya aka tashi da ruwan sama, aka rufe gilasai, aka maƙale a cunkoso kusan sa'a guda. Da suka iso ƙofar makarantar, maimakon ya juya ya shiga, sai motar ta zarce a hankali ta daki katanga. Ba a rasa rai ba. Wata malama da ke gaba ta karye a wuyan hannu, yara suka firgita. Aka fito da Rediyo yana tangaɗi, yana amai, maganarsa ba ta haɗuwa. Kafin a tashi makaranta ranar, kowa ya gama sanin abin da ya faru: ƙwaya ya sha.

Aka dakatar da shi. Aka sa ranar Alhamis kwamitin iyaye da malamai zai zauna a sallame shi, a rubuta dalili a takardarsa, wanda ke nufin ba zai sake riƙe sitiyarin kowa ba. Ina cikin kwamitin, kuma ban ga abin da zai hana ni sa hannu ba. Babbar hujja ita ce takardar gwaji: mako uku kafin hatsarin motar ta je tasha, ta ci. Mota lafiyarta ƙalau, to saura wa?

Ranar Juma'ar da ta gabaci zaman, yayar Rediyo ta shigo tashar da kwafin takardar a hannu. Ba roƙo ta zo yi ba, faɗa ta zo yi. Ta ajiye ta a teburin Baba da ƙarfi.

"Ku ne kuka ce motar lafiya lau ko? Ƙanena ko maganin ciwon kai sai na yi da gaske yake haɗiya. Wata biyu yana dawowa gida yana cewa, Yaya, kaina kamar ana sara. Ranar da ba aiki kuwa garau yake. Yanzu 'ya'yansa ba sa iya fita ƙofar gida, ana ce musu 'ya'yan ɗan ƙwaya. Ku duba takardarku da kyau!"

Baba ya sa tabarau. Ya duba kalmar ƙasa, kamar yadda ya saba. Sai idonsa ya hau sama. Mai kisa kusan sifili. Ɗanyen mai kaɗan. Shaida: huɗu.

Ya daɗe yana kallon lambar. Huɗu ba hayaƙi ba ne, iska ce da ɗan hayaƙi a ciki. Ma'anarta hayaƙin motar yana fita ta wani wuri tun kafin ya iso bakin salansa, inda aka zura tiyo. Sabuwar na'urar ba ta yi ƙarya ba. An tambaye ta abin da ke bakin salansa, ta faɗa, har ta rubuta huɗun ƙuru-ƙuru don mai ido ya gani. A ƙasan takardar kuma ga hatimi, ga sa hannun da ya ɗan karkace saboda rawar hannu.

"Baiwar Allah," ya ce, "yaushe ne zaman?"

"Alhamis."

"Motar tana ina?"

"Tana nan inda aka tura ta, a filin makaranta. Ƙafar gaba ta lanƙwashe."

"Injin yana tashi?"

"Ni na sani? Ni makanikiya ce?"

Motar ba za ta zo tasha ba, sabuwar na'ura kuma ba ta barin bango. Saura guda ɗaya, a sito. Baba ya shiga ofishin Manaja ya ajiye masa takardar, ya ɗora yatsa a kan huɗun. Manaja ba mugu ba ne, kuma ya san aiki. Ya duba, ya jingina da kujera, ya fitar da numfashi.

"Baba, saura maka kwana nawa ka ajiye aiki?"

"Ashirin da shida."

"To ka ƙirga su lafiya mana. Hatiminka ne fa a nan. Shekara talatin da ɗaya ko takardar gargaɗi ba a taɓa ba ka ba. Kuma mutumin nan ba shi ne ya yi maka tijara a gaban jama'a ba?"

"Shi ne. Ka ara mini tsohuwar, da tukunyar gas ɗin nan da ke tare ƙofar sito."

Tukunyar ta zo tare da sabuwar na'ura. A cikinta akwai iskar gwaji da aka haɗa a ma'auni sananne, an rubuta a jikinta nawa ne mai kisa, nawa ne shaida, don a riƙa shaƙa wa na'ura a ga ko tana faɗin gaskiya. Ba a taɓa buɗe ta ba, saboda wani ya ce sabuwar da kanta take daidaita kanta, kowa kuma ya yarda. Saura wata biyu wa'adinta ya ƙare.

"Idan ka ɗauke ta, da me zan tare ƙofar?" in ji Manaja.

"Zan kawo maka dutse."

Manaja ya yi dariyar da bai shirya ba, ya miƙa makulli. "Tsohuwar ai ta kulle kanta. Kamfanin da ke da lambar buɗe ta ma ya tattara ya tafi. Amma ka san dabarar: ka cire ƙaramin batir ɗin agogonta, ka mayar da kwanan wata baya, za ta ɗauka wa'adinta bai cika ba. Minti biyar."

"Idan na koya mata ƙarya ranar Asabar, ranar Alhamis wa zai yarda da ita? Ni kaina ba zan yarda ba."

Irin waɗannan na'urori haka aka yi su. Shekara na cika ba a daidaita su ba, sai su ƙi aiki, su nuna hoton makulli. A da, duk shekara injiniyan kamfanin yakan zo, ya kori kowa daga ɗakin, ya ce Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya juya baya kada wani ya shigo. Baba yakan juya baya kamar yadda aka ce. Sai dai a gabansa akwai kabad mai ƙofar gilashi, gilashin kuma ba a ce masa ya rufe ido ba. Kowace shekara ya ga abu ɗaya, ya koma ya rubuta a ɗan littafinsa. A shekara ta bakwai ya haɗa duka. Bai taɓa amfani da shi ba muddin kamfanin yana zuwa. Wasu za su ce leƙen asiri ne. Ni dai abin da na gani shi ne an sa makullin don kada na'ura ta yi ƙarya, kuma a cikin duk waɗanda suka san hanyar zagaye shi, mutum ɗaya ne ya damu da dalilin sa shi.

Ya ɗaure ta a bayan keke ya kai ta gida. Tebur mai faɗi guda ɗaya ne a gidan, na matarsa, wadda tela ce. Ta kwashe yadudduka tana mita.

"Malam, shekara arba'in ban taɓa ganin ka ɗauke ni da irin lallashin da ka ɗauko akwatin nan ba."

"Ke ai ba ki taɓa kulle kanki ba."

"Ba ka dai lura ba ne."

Da ya buɗe murfin, abin da shekara huɗu a sito ke yi ya bayyana. Zanzaro ya gina ɗakinsa a bakin shigar iska. Tiyoyin ciki sun bushe, ka taɓa su farfashe. Matatar ta yi baƙi ƙirin. Ya sauya tiyoyi ɗaya bayan ɗaya, yana cire tsoho yana sa sabo nan take don kada ya rikita hanya. Ya kunna, famfo ya yi ƙara sosai, amma da ya toshe bakin tiyo da babban yatsa bai ji an ja fatarsa ba. Robar cikin famfon ta tsage. Ya samo robar kabiretar wani tsohon babur, ya zana da'ira a kanta, ya ɗauki almakashi. Hannun ya ƙi tsayawa. Ya ɓata ta farko. Ya zauna yana kallon hannun kamar na wani.

Matarsa ta matso kusa. Ta karɓi ragowar robar, ta ɗauko ƙaramin almakashinta da ba ta yarda kowa ya taɓa, ta yanke da'irar a zagaye ɗaya, ta huda tsakiya. "Sai me kuma?" ta ce.

Sai zuciyar na'urar: wani siririn bututu mai fitila a wannan baki, ido a wancan, da ƙananan gilasai biyu a tsakani. Hayaƙi yana ratsa bututun yana tare haske, idon yana auna abin da ya ragu. Gilasan sun yi hazo. Ita ce ta goge su da auduga a bakin tsinke, shi yana riƙe da tocila yana cewa, "A hankali, a hankali," har ta ce idan ya sake faɗa za ta miƙa masa tsinken. Ɗan kwanon da ke auna numfashi kuwa ya mutu murus, babu inda za a samo wani kafin Alhamis. Baba ya yanko farin tef ya liƙe taga ta huɗu, ya rubuta a kai: "Wannan ta mutu, kada a karanta."

Ranar Litinin ya sake toshe bakin tiyo da yatsa. Famfon ya ja, amma bai shaƙe ba. Iska tana shiga ta wani wuri. Wato irin ciwon da ya ɓata takardar Rediyo, shi ne a cikin na'urarsa. Wuni guda ya yi yana bin mahaɗa ɗaya ɗaya, har ya gano zoben robar kofin da ke tare ruwa ya sandare. Ya zagaya kasuwa bai sami daidai shi ba. Ya dawo ya zauna, idonsa ya sauka a kan keken ɗinki, a kan ɗan zoben robar da ke juya abin naɗe zare.

"A'a," in ji matarsa. "Malam, a'a. Ina da ɗinkin mutane ranar Laraba."

"Aro ne."

"Na san aronka. Ina bokitina na bara?"

Zoben ya zauna kamar don kofin aka yi shi. Da ya toshe tiyon, famfon ya yi gurnani ya shaƙe, fatar yatsansa ta lotsa. Ita kuma ta koma naɗe zare da hannu.

Ranar Talata da hantsi ya fitar da komai tsakar gida, saboda iskar tukunyar ba ta ɗaki ba ce. Ya hana a hura wuta, ya roƙi maƙwabci ya kashe janareta. Ya buɗe ɗan littafinsa. Ƙarƙashin wani ɗigon jan fenti a allon ciki akwai makunni kamar ƙwayar shinkafa. Ya ture shi, ya danne maɓalli biyu tare, ya kunna. Wannan ƙofar idan ka shiga ba a komowa: na'urar tana goge duk abin da ta sani, ba za ta sake auna komai ba sai an nuna mata sifili, an shaƙa mata iskar tukunya, ta karɓa. Idan gilasan sun lalace ko fitilar ta yi rauni, za ta ƙi, kuma shi ke nan. Hoton makullin ya ɓace. Ya jira minti ashirin ɗinsa. Ta karɓi sifili. Ya buɗe tukunyar kaɗan kaɗan. A jikinta an rubuta mai kisa uku da rabi, na'urar ta nuna biyu da ɗigo takwas. Da ranar Asabar ya mayar da agogo baya, da wannan kuskuren zai ɗauka ya kai gaban kwamiti. Ya daidaita ta, ya wanke ta da iskar waje, ya sake shaƙa mata. Uku da rabi. Ya maimaita sau uku kafin ya yarda ya ci abinci.

Abin da ya biyo baya da idona na gani. Ranar Alhamis muna filin makaranta, mu biyar na kwamiti, da Shugaban makaranta, da yayar Rediyo. Manaja ma ya zo ya tsaya daga baya. Rediyo yana jingine da katangar da ya daka, ya rame, kuma tun ranar hatsarin, in ji yayarsa, ba ya haɗa kalma uku.

Baba ya ɗaga takardar gwajin kafin ya taɓa komai. "Ku dubi hatimin nan. Nawa ne. Ban karanta ba na buga. Da na karanta, da motar nan ba ta bar tasha ba."

Ya sa aka kashe duk injin da ke filin, ya ja tiyo ta inda iska ke tahowa, ya kunna, ya nemi benci ya zauna. Minti biyar. Minti goma. Rana ta fara cizo. Shugaba ya duba agogo sau biyu, ya ce, "Baba, ko za mu fara? Mutane suna da ayyuka."

Daga jikin katanga wata murya ta ce, a dishe, "Ranka ya daɗe, sifili tukuna."

Baba bai ko waiga ba.

Ya nuna mana sifili. Ya shaƙa mata iskar tukunya, ya sa ni na karanta abin da ke jikin tukunyar da ƙarfi, kowa ya ga lambar ta yi daidai. Sannan aka tayar da bas. A bakin salansa shaida ta nuna huɗu, kamar a takarda. Ya ɗaga kujerar direba da murfin injin, ya kai tiyo kusa da inda bututun hayaƙi ya fito daga injin, lambar mai kisa ta yi tsalle. Ya mayar da murfin, wanda robar bakinsa ta cinye, ya liƙe tiyon da tef a daidai inda hancin direba yake, ya rufe gilasai da ƙofofi babu kowa a ciki.

"Wannan na'urar don bakin salansa aka yi ta," ya ce. "Sikelin buhu ce. Idan ka ɗora mata abin da ake aunawa da cokali, bai kamata ta motsa ba. Idan ta motsa, to ba cokali ba ne."

Ta motsa a minti na uku. A minti na goma sha biyu, wata uwa a cikinmu, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta tambaye shi ma'anar lambar, ta yi lissafi a tafin hannunta, ta ce a kashe motar. Ta ce sa'a guda a cikin wannan iskar, abin mamaki shi ne da ya kawo su har ƙofa.

Ni ce na yi tambayar da ta rage, don wani zai yi ta ko ba jima: me zai hana a ce a karon ne bututun ya tsage? Baba ya haska mini tsagar da tocila. Bakinta ya yi tsatsa, baƙin hayaƙi ya yi kauri a kewaye har ana kankare shi da farce. "Sabuwar karaya fara take, tana ƙyalli," ya ce. "Kuma huɗun nan an buga ta mako uku kafin a daki katanga." Sannan ya mayar da tiyo iska, muka tsaya har lambar ta koma sifili, don kada a ce na'urar ce ta rikice a hanya.

Shugaba ya gyara murya. "Ke nan, Baba, kana shaida mana ba ya shan ƙwaya?"

"Ban sani ba. Ban auna shi ba. Iskar kujerarsa na auna."

"Haba, Baba!" in ji Rediyo. "Ko ɗan ƙari ba za ka yi mini ba?"

"Ƙarin da na yi maka da hatimi bai ishe ka ba?"

Ba a rubuta takardar sallama ba. Aka rubuta wata, ta neman afuwa, kuma yayarsa ta tsaya kai da fata sai an karanta ta a gaban taron iyaye, aka karanta. Rediyo ya koma bakin aiki, bakinsa ma ya koma. Manaja ya sa aka binciko takardun wata shida, aka sami motoci bakwai masu ƙaramar shaida, aka kira su. Rahoton da ya rubuta dole ya ɗauki sunan mai hatimi. Saura kwana tara Baba ya ajiye aiki aka miƙa masa takardar gargaɗi, ta farko kuma ta ƙarshe. Matarsa ta ninke ta ta sa a aljihun keken ɗinki, tare da allurai.

Baba Sifili, ba zan ce ba ka taɓa kuskure ba, don kai da bakinka ka hana a faɗi haka. Kai ne ka ga sa hannunka a ƙarƙashin lambar da ta kusa kashe mutum, kana da kwana ashirin da shida da za ka iya yin shiru a cikinsu, ba ka yi ba. Kai ne aka nuna wa hanyar minti biyar ka ɗauki ta kwana huɗu. Kai ne ka liƙe tagar da ta mutu don kada wani ya karanta ta, a zamanin da kowa ke son a ga duk fitilunsa a kunne. Mun gode. Mu biyar da muka kusa sa hannu mun fi kowa godiya. Ke ma mai almakashi, mun gode. An ce har yau da hannu kike naɗe zare, don Rediyo ya kawo zobe sau biyu duk ba su yi daidai ba.

Ga sauranmu masu riƙe da hatimi, da jan biro, da makullin sito, abin da zan roƙa kaɗan ne. Ku karanta takardar daga sama, ba kalmar ƙasa kawai ba. Idan sakamako ya yi kyau fiye da kima, ku nemi shaida. Idan kuma sa hannunku ne a ƙarƙashin ɓarnar, ku riga kowa faɗa.

Ranar da ya bar tashar, ya miƙa wa Manaja ɗan littafinsa, da dutsen da ya yi alkawari. A gefen tsohuwar na'urar ya liƙa tef, ya rubuta ranar da za ta sake kulle kanta, sannan a ƙasa: "Kada a taɓa agogo." Na bi ta bayan tashar makon jiya da sassafe, kafin a tayar da injin ko guda. Kekensa ba ya nan. Tagar a buɗe take.